Me Ya Sa Hotsfot Ke Yankewa Ana Tsaka Da Aiki?

Wata Laraba cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, ƙanwata da ke karatun digiri na biyu a Samaru da ke Zariya ta kira ni murya na rawa. Ƙarfe huɗu za ta gana ta Zoom da malamin da ke duba aikinta, ga shi saura kwata, kwamfutarta kuwa sai ta kama hotsfot ɗin wayar, ta yi minti biyar, ta saki. "Yaya, sabis ɗin nan zai kashe ni, jiya-jiya fa na sa data." Na tambaye ta da wace waya take kirana. Ta ce da wadda ta kunna wa hotsfot ɗin mana. Na ce kafin ta ɗauke ta, a ina take? Ta ce a kan katifa, jone da caji, cikin rigarta ta roba. Na ce ta taɓa bayanta. Ta yi shiru, can ta ce kamar yanzu aka sauke ta daga kasko.

A wannan 'yar maganar kaɗai ta lissafa abubuwa uku da ke yanke hotsfot, kuma babu ko ɗaya da ya shafi kamfanin layinta. Abin yana damuna, domin na sha ganin ɗalibi ya rasa cike fam a ranar ƙarshe, ko mai neman aiki an katse masa ganawa, ya tashi yana tsine wa sabis alhali maganin yana cikin ɗakinsa. Gaskiya ne wani lokaci laifin na sabis ne, za mu zo wurin. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a san yadda abin yake tafiya.

Idan ka kunna hotsfot, wayarka ta zama 'yar aike mai tsallaka gada biyu. Gada ta farko tsakaninta ne da ƙarfen sabis da ke unguwarku, wato 4G ko 3G ɗin da kake gani a saman fuskar waya. Ta biyu tsakaninta ne da kwamfutarka, wato Wi-Fi. Kowace gada da irin ciwonta, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Shi ya sa za ka ga alamar Wi-Fi a kwamfuta ta cika taf amma shafi ya ƙi buɗuwa: wannan alamar labarin gada ta biyu kawai take bayarwa, ba ta san abin da ke faruwa tsakanin waya da ƙarfen sabis ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna wace gadar ce ta karye, kuma ina ganin duk mai dogaro da hotsfot ya kamata ya iya shi. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Rubuta ipconfig, ka nemi lambar da ke gaban Default Gateway. Wannan lambar ita ce adireshin wayarka a wurin kwamfutar. A iPhone 172.20.10.1 ce, a wayoyin Android kuwa takan bambanta. Sai ka rubuta ping, ka ba da tazara, ka sa lambar, ka ƙara -t a ƙarshe. Buɗe wani baƙin allon na biyu, ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, wanda adireshi ne na Google. Yanzu allon farko yana ƙwanƙwasa ƙofar wayarka duk daƙiƙa, na biyu yana ƙwanƙwasa wata ƙofa can a intanet. Bar su su yi ta gudu kana aikinka. Da zarar abu ya tsaya, ka duba. Idan dukansu biyu suna cewa Request timed out, matsalar tana tsakanin kwamfuta da waya. Idan na farko yana amsawa lafiya, na biyu ne ya yi shiru, to tsakanin waya da ƙarfen sabis ne ko gaba da nan. Lambar da ke biye da time kuma tana nuna jinkiri. Zuwa waya bai kamata ta yi nisa da 10 ba. Zuwa Google, idan tana ƙasa da 100 kuma ba ta tsalle-tsalle, ganawar bidiyo za ta tafi daidai. Idan kuwa tana tashi daga 60 zuwa 900 ta dawo, murya za ta riƙa kakkaryewa ko da gwajin gudu ya nuna maka lamba mai daɗin gani. Ganawa ta Zoom yawanci ba ta cin fiye da megabit biyu zuwa uku a daƙiƙa. Abin da take so shi ne kada hanyar ta riƙa yankewa.

Mu fara da gada ta farko, domin a nan Zariya ita ta fi ba da wahala.

Sandunan sabis da ke saman waya ba abin dogaro ba ne sosai, kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa su. Ainihin ma'aunin yana cikin saiti. A yawancin wayoyin Android, idan ka shiga bayanin waya, ka shiga SIM status, za ka ga wata lamba mai alamar ragi a gabanta, ana auna ta da dBm. A 4G, wajen -85 sabis ne mai ƙarfi, -100 matsakaici, daga -110 zuwa ƙasa kuwa waya tana fama ne kawai. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne tazarar 10 a wannan ma'aunin na nufin ƙarfi ninki goma. Wato idan a kan gadonka -108 ne, a bakin taga -98, ka ninka ƙarfin sabis ɗinka sau goma da taku huɗu, ba ka kashe ko kwabo ba.

Ginin da kake ciki yana da hannu dumu-dumu. Tsoffin gidajen cikin Birni masu katangar ƙasa mai kauri, waɗanda muke yabo saboda sanyinsu da bazara, suna shanye sabis kamar yadda suke shanye zafi. Ɗakunan ɗalibai na kankare da rodi, musamman na ƙasa da ke can ƙurya, haka suke. Rufin kwano kuma ƙarfe ne, yana mayar da sabis baya. Don haka ka ɗauki wayarka ka zagaya ɗakin kana kallon lambar nan, ka tsaya rabin minti a kowane wuri domin ba ta canzawa nan take. Gwada kowace taga, gwada saman kwaba, gwada bakin ƙofa. Sau da yawa taga ɗaya ce ke kallon ɓangaren da ƙarfen sabis yake, kuma ita ce mazaunin wayarka daga yau.

Sai dai akwai lokacin da lambar za ta yi kyau, sanduna su cika, amma abu ya ƙi tafiya. Wannan cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗaya yana raba abin da yake da shi ne ga duk wayoyin da suka rataya a jikinsa, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Duk wanda ya zauna a Samaru ko Kongo ya san bambancin bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kwanta yana kallon bidiyo, da bayan asuba. Ya kuma san yadda sabis ke sakewa idan jami'a ta tafi hutu. Babu saitin da zai gyara cunkoso. Abin da ke hannunka shi ne ka mayar da manyan ayyuka, irin su ɗora kundin bincike ko sauke manhaja, zuwa sassafe, ko ka koma wani layin da bai cika ba a unguwarku.

Idan sabis yana da rauni, waya takan riƙa sauka daga 4G zuwa 3G ta sake hawa, kuma kowane sauyi yana iya tsinke abin da kake yi na 'yan daƙiƙu. Idan ka ga harafin H ko E a sama, ta sauka ke nan. Kunna alamar jirgin sama na daƙiƙa goma ka kashe, wannan yana tilasta mata ta sake neman hanya daga farko, sai ka sake kunna hotsfot ɗin domin shi ma yakan mutu. Wasu wayoyin suna bari a ɗaure su a 4G kaɗai. Yana taimakawa, amma a sani: idan layinka ko wayarka ba su da tsarin VoLTE, wato na ɗaukar kira a kan 4G, kira ba zai shigo ba muddin tana ɗaure, don haka ka kwance ta idan ka gama. Haka nan mai wayar 5G da ke zaune inda 5G ɗin bai kai sosai ba, gara ya mayar da ita 4G ta huta da nema.

Maganar kira ita ce wadda ta fi ba mutane mamaki. VoLTE tsari ne da ke ɗaukar murya a kan 4G. Idan babu shi, da zarar kira ya shigo sai waya ta sauka 3G ko 2G domin ta amsa. A 3G data takan ci gaba a hankali, a 2G kuwa tsayawa take yi cak. Ga kuma wayoyinmu masu layi biyu, waɗanda kusan kowa ke riƙewa. Yawancinsu layi ɗaya ne ke iya aiki a lokaci guda, don haka idan data tana layi na ɗaya aka kira ka a na biyu, datar ta ɗauke har sai an ajiye. Ko ba ka ɗauka ba, ringin ɗin kaɗai yana iya isa ya fitar da kai daga ganawa. Idan abin da za ka yi mai muhimmanci ne, shiga saitin layuka ka kashe layi na biyun na awa ɗaya, ka gaya wa mutanen gida su neme ka ta WhatsApp.

Gada ta biyu ta fi sauƙin gyara. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma wannan 5 ɗin ba shi da alaƙa da 5G na layin waya, suna ne ya zo ɗaya. Zangon 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, kuma Bluetooth ma a nan yake bi. A gidan haya na ɗalibai inda ɗaki ashirin kowa ya kunna nasa hotsfot ɗin, kamar kasuwar Sabon Gari ce ana gobe Sallah, kowa na magana babu mai jin wani. Zangon 5 yana da fili, yana da sauri, amma ba ya son bango ko nisa. Idan waya da kwamfuta suna ɗaki ɗaya, zaɓi 5. Idan dole wayar ta zauna a tagar wani ɗakin, 2.4 ne zai kai. A Android zaɓin yana cikin saitin hotsfot ɗin. A iPhone 12 zuwa sama, kunna Maximize Compatibility yana mayar da shi 2.4. Tsoffin kwamfutoci na hannu da yawa ba sa ganin zangon 5 sam, wasu kuma ba sa jituwa da sabon tsarin tsaro na WPA3. Idan kwamfutarka ta ƙi ganin hotsfot ɗin, ko tana gani ta ƙi shiga, mayar da shi 2.4 da WPA2 kafin ka kai ta wurin mai gyara.

Sannan ga masu tsimin batir, a ɓangarorin biyu. Android yana da saitin da ke kashe hotsfot da kansa idan ya ga babu wanda ke jone na 'yan mintuna. Ka rufe kwamfuta ka je salla, ka dawo ka tarar ya mutu. Kashe wannan saitin. Yanayin tsimin batir shi ma yakan takura hotsfot, wasu wayoyin kuma suna kunna shi da kansu idan caji ya yi ƙasa. A kwamfuta, shiga Device Manager, nemi na'urar Wi-Fi ɗin, idan akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta don tsimin wuta. Wannan ya fi bayyana idan an ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batirinta, shi ya sa wasu ke cewa da an ɗauke wuta sabis ke gudu. Ka duba kuma su wane ne ke jone da kai. Kalmar sirrin da ka ba abokin ɗaki wata uku da suka wuce tana nan a wayarsa, kuma wayar tana shiga da kanta duk lokacin da ka kunna.

Yanzu zafi, wanda a ganina shi ne babban abin da ake mantawa da shi a garin nan. Wayar da ke hotsfot tana aiki biyu masu nauyi a lokaci guda, tana magana da ƙarfen sabis tana magana da kwamfuta. Idan sabis ya yi rauni takan ƙara ƙarfin da take aikawa da shi, zafi ya ƙaru. Ka haɗa da caji mai sauri, ka haɗa da rigar roba, ka ɗora ta a kan katifa inda iska ba ta ratsawa. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne ya yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, alhali la'asar ɗin Maris da Afrilu a Zariya tana haura wannan tun kafin waya ta fara nata zafin. Idan ta kai wani matsayi sai ta kare kanta: ta rage gudu, ta dakatar da caji, wata ma ta kashe hotsfot ɗin gaba ɗaya. Wannan ne ya sa matsalar ke zuwa bayan minti goma ko ashirin da farawa, kuma da hunturu ba ka cika jin ta ba.

Abin da na sa ƙanwata ta yi ke nan a ranar: ta cire rigar, ta zare caji tunda batirin ya haura rabi, ta kashe layi na biyu, ta ajiye wayar a kan dandaɓen siminti kusa da ƙofa, fuskar a kashe. Ta shiga ganawar a makare da minti biyar, amma ba ta sake fita ba. Kada dai a sa waya a firji ko a kan ƙanƙara, raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa. Kuma a kula da tagar da ke kallon yamma. Ka kai waya can don neman sabis, rana ta faɗo a kanta da la'asar, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ɗan kwali da zai yi mata inuwa ya wadatar.

Idan da za a ce in zaɓi shawara ɗaya tak, kebul zan ce. Ka haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, ka kunna USB tethering a saitin Android, shi ke nan ka rushe gada ta biyu gaba ɗaya. Babu cunkoson Wi-Fi, babu maƙwabci mai kalmar sirri, wayar tana samun caji a hankali daga kwamfutar, zafinta ya ragu tunda ta huta da aiki ɗaya. Mai iPhone da Windows sai ya sa manhajar Apple Devices ko iTunes tukuna. Abu biyu ne ke ɓata wannan. Na farko, igiyoyi masu arha da yawa na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu, za ka ga waya na caji amma zaɓin ya ƙi kunnuwa. Gwada igiyar a shagon kafin ka biya. Na biyu, bakin cajin da ƙurar hunturu ta cika ko ya saki, motsi kaɗan sai ya yanke. Akwai kuma cikas na gaske: kebul yana ɗaure waya kusa da kwamfuta, alhali wurin sabis mai kyau yana bakin taga. Ni teburin nake ja zuwa tagar, ko in nemi igiya mai mita biyu. Idan babu hali, gwajin ping ɗin nan zai raba gardama. Gadar da ta fi yankewa ita za ka fara yi wa magani. Ka tuna kuma idan babu wuta, wayar tana shan batirin kwamfutar ne.

Kwamfuta kanta ɓarauniyar data ce idan ba a ja mata kunne ba. Windows yana ɗaukar kowane Wi-Fi tamkar na ofis marar iyaka, sai ya kama sauke sabuntawa, OneDrive ko Google Drive su kama ɗora fayiloli. Ɗorawar ta fi cutarwa, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, idan ta toshe komai sai ya tsaya, har muryarka a ganawa. Shiga saitin hanyar da kake jone da ita ka kunna Metered connection, domin kwamfutar ta san datar a ƙididdige take ta yi tsimi. Idan ta kebul kake, kwamfuta tana lissafa shi a matsayin Ethernet, sai ka kunna a can ma daban. Wayar ita ma a duba ta, kada ta riƙa ɗora hotuna ko sauke bidiyon zaurukan WhatsApp a ɓoye. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ya wuce maganar sauri, ya zama maganar aljihu. Kafin ka zauna aiki danna *323# ka ga abin da ya rage, lambar ɗaya ce a duk layuka tun 2023. Ka tabbata kuma datar ta gama-gari ce. Wadda aka ware don WhatsApp da Facebook, ko ta dare kaɗai, za ta nuna maka kana da data amma shafin makaranta ba zai buɗe da ita ba.

Idan ka yi duk wannan, allon farko yana amsawa, lambar dBm tana da kyau, ba lokacin cunkoso ba ne, amma na biyu ya yi shiru, to yanzu kana da hujjar cewa daga can ne. Ƙarfen sabis yana dogara da janareta da batura idan babu wuta, kuma yana haɗe da sauran duniya ta igiyoyin gilashi da ke binne a gefen titi, waɗanda masu aikin hanya kan tsinke. Wani lokaci ma abin ya fi nan nisa. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki, har bankuna suka ji a jikinsu. A irin wannan ranar babu tagar da za ta cece ka. Kira 300 ka kai ƙorafi ga kamfanin layinka, idan ba a saurare ka ba NCC tana da 622 kyauta.

Wanda abincinsa ya rataya a kan intanet, ko yake karatu daga nesa, ina ba shi shawarar ya riƙe layin wani kamfani daban da 'yar data a ciki, ya kuma yi tunanin sayen 'yar na'urar MiFi ko rauta mai cin layi. Ita ba a kiranta, ba ta da WhatsApp, tana iya kwana a bakin taga wayarka tana aljihunka. Amma kada ka saya don wani ya ce layi kaza ne ya fi a Zariya. Wanda ya fi a Tudun Wada yana iya zama kurma a Hanwa, har a gida ɗaya ma ɗaki da ɗaki suna bambanta. Ari layin aboki, ka sa data ta kwana ɗaya, ka gwada shi a ɗakin da kake aiki, a daidai lokacin da kake aiki, da allon ping ɗin nan biyu a buɗe.